Yawon kwale-kwale a fadamun Cibayish na Iraki: ya ci kuɗinsa, amma ka ce a kai ka inda ruwan ya ƙare

Masu tambaya ta ko yawon nan na kwale-kwale da ake kai baƙi cikin fadamun kudancin Iraki ya cancanci wahalar hanya da kuɗin da ake kashewa, amsata ita ce eh ya cancanta, in dai ƙafarka ta taka Basra ko Nasiriyya ka fito ba ka leƙa Cibayish ba to gaskiya ka yi asara babba. Amma fa akwai magana, kuma ita ce ta sa na zauna rubuta wannan dogon bayani maimakon in danna taurari in yi gaba. Yadda masu harkar suka tsara yawon, hanyar da ke da ruwa kaɗai ake bi da kai, ka dawo da hotuna masu kyau cike da waya kana ta faɗa wa mutane ai fadama ta farfaɗo, alhali gefe ɗaya aka nuna maka. Sai ka buɗe baki da kanka ka ce a kai ka inda ruwan ya ƙare, in ba haka ba babu mai kai ka.

Ga wanda bai san wurin ba, su can Ahwar suke ce masa. Nan ne kogin Dijla da kogin Furat suke bazuwa a ƙasa mai shimfiɗe kafin su haɗe a garin Ƙurna su gangara teku. Manyan fadamun uku ne, akwai Hawiza a kan iyakar Iran, akwai Hammar a kudu da Furat, sai ta tsakiya wadda ke tsakanin kogunan biyu, ita ce wadda ake shiga daga Cibayish a lardin Zi Ƙar. A da can faɗinsu gaba ɗaya yakan kai murabba'in kilomita 15,000 zuwa 20,000 in ruwa ya cika. Mutanen ciki kuwa rayuwarsu kacokan a kan ruwa take, gida na karan ruwa, tsibirin da gidan ke kai ma da kara da laka suka tara shi, ga ɓaunar ruwa da suke kiwo, ga kamun kifi, ga saƙar tabarma. Za ka ji ana kiran su Ma'dan, amma kai baƙo gara ka ce mutanen Ahwar, don wasunsu ba sa son wancan sunan, 'yan birni sun daɗe suna amfani da shi wajen raini.

Ni ta hannun wani ɗan ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido na Basra na bi, su suka haɗa mota da tafinta da mai kwale-kwale da abincin rana. Mota lafiya lau, direba ya zo kan lokaci, tafiyar wajen awa biyu ce, akwai shingayen jami'an tsaro a hanya don haka fasfo ya kasance a aljihu ba a cikin jaka a otal ba. Wannan ɓangaren ba ni da abin cewa.

Ana hawa jirgin ne kusa da wani gini mai ƙubba da aka yi don tunawa da shahidan fadamar. Jirgin dogo ne siriri, an shimfiɗa darduma da filo a ciki ka zauna ƙasa ka miƙe ƙafa, inji a baya. Asalin kwale-kwalensu da suke kira mashhuf na katako ne da ake shafe shi da kwalta ana tura shi da doguwar gora, har yanzu za ka ga mata da yara a cikinsa sun lodo ciyawa, amma na baƙi duk inji ne yanzu. Ba rumfa, ba rigar kariya daga nutsewa ko ɗaya, da na yi magana tafinta dariya ya yi ya ce ai ruwan bai kai ƙirji ba. To ya yi gaskiya a wurare da yawa, amma wannan ba hujja ba ce ga kamfanin da ke ɗaukar iyalai da ƙananan yara.

Minti na farko dai wallahi sai ka manta da duk wani ƙorafi. Jirgi ya kutsa wata siririyar hanya, kara ya tashi dama da hagu ya fi tsayin mutum biyu, sama kawai kake gani, can sai hanya ta buɗe ka faɗo wani fili na ruwa fetal, ga balbela ga zalɓe ga agwagin ruwa suna tashi, ga kawunan ɓauna baƙi ƙirin sun leƙo daga ruwa hanci da ƙaho kawai, ko kallon inji ba sa yi sai ya zo dab da su sannan su kauce a hankali kamar an dame su. Mai jirginmu dattijo ne mai farin gemu, Hajji yake ce min ni kuma ina ce masa Ammi, wato baffa da Larabci, da muka kai tsakiyar filin sai ya kashe inji ya ɗora hannu a kunne ya rera irin waƙar nan tasu ta kudu mai jan murya da suke kira abuziyya. Na san yana yi wa kowane baƙo, cikin aikin ne, amma duk da haka sai da tsigar jikina ta tashi.

Abin da ya sa wannan ruwan ya zama abin mamaki shi ne shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce wurin nan ƙasa ce busasshiya da mota ke bi. Bayan boren da mutanen kudu suka yi wa Saddam Husaini a 1991, 'yan tawaye da sojojin da suka gudu sun ɓuya cikin karan, tankar yaƙi kuma ba ta shiga fadama, sai gwamnati ta yanke shawarar ta ɗauke ruwan gaba ɗaya. Aka tada jinga a gefen kogunan don kada su malala, aka toshe rassan da ke shayar da fadama, aka haƙa manyan magudanai da ke kwashe ruwa su zagaye da shi zuwa teku. Mafi girmansu wanda ake kira Kogi na Uku an kammala shi a 1992, tsawonsa kilomita 565, kuma don adalci shi wannan tun shekarun 1950 aka tsara shi don janye ruwan zartsi daga gonaki, amma sauran da aka haƙa bayansa cikin gaggawa kowa ya san don me aka yi su. Aka ƙona kara, aka ƙona ƙauyuka. A 2001 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da hotunan tauraron ɗan adam da ke nuna kusan kashi 90 cikin 100 na fadamun sun tafi, ɗan abin da ya rage wani yanki ne na Hawiza da kogin Karkha ke zuba masa ruwa daga Iran. Dubun dubatar mutane suka tsallaka Iran suka zauna a sansanoni, saura suka watsu unguwannin talakawa na Basra da Bagadaza da gonakin wasu suna ƙwadago.

Tafintan namu ya haddace wannan labarin tsaf, yana zuba shi kamar karatu, yana haɗawa da cewa nan ce Aljannar Adnin ta Annabi Adamu, abin da ake faɗa wa kowane Bature ke nan. Ammi kuwa bai cika magana ba, sai da muka zo wucewa ta wata tsohuwar jinga mai giɓi a tsakiya ruwa na bi ta ciki ya nuna da haɓa ya ce irin wannan ne suka fasa. Wato a 2003 da gwamnatin ta faɗi mutane ba su jira injiniya ko wata ƙungiya ba, da shebur da diga da duk motar haƙa da suka samu aro suka farfasa jingar suka saki ruwa. Kuma kara ya fito da kansa ba wanda ya shuka, kifi ya biyo ruwa, tsuntsaye suka dawo, zuwa 2006 kusan rabin fadamar ko fiye ya sake shan ruwa. Daga baya ne manyan abubuwa suka biyo, ƙungiyar kare muhalli ta Nature Iraq da injiniya Azzam Alwash ya kafa, sanya Hawiza cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, ayyana fadamar tsakiya a matsayin gandun ƙasa na farko a Iraki a 2013, sai UNESCO a 2016 da ta sa fadamun tare da tsoffin biranen Ur da Uruk da Eridu cikin kayan tarihin duniya. Duk da kyau. Amma shebur ne ya riga takarda.

Nan ne yawon da aka biya kuɗinsa yake juyawa zuwa cin abinci, nan ne kuma na ce ni dai ina son ganin inda ruwa ya janye. Tafinta ya fara kame-kame, wai nisa, wai mai, wai ba abin gani. Ammi ya kalle ni ya ce in na yarda da ƙarin kuɗin mai zai kai ni. Na yarda, kuma wannan ƙarin shi ne kuɗin da na fi jin daɗin kashewa a duk tafiyar.

Tafiya kaɗan sai hanyar ta fara ƙuntata, launin ruwan ya sauya daga kore-kore zuwa ruwan ƙasa, inji ya fara kakari yana tono baƙar laka mai wari, sai Ammi ya kashe shi ya ɗaga farfelar sama ya ɗauki gora. Ya nuna min jikin karan, akwai wani farin layi da ya zagaye kowane kara sama da ruwan da kusan kamu ɗaya, ya ce nan ruwa yake a da. Ya ɗebo a tafin hannu ya ce Hajji ɗanɗana, na taɓa da harshe, zartsi ne sosai har da ɗan ɗaci. Daga nan gora ma ta daina aiki muka sauka. Gabanmu ƙasa ce a daddare ta tsattsage, fari-farin gishiri a samanta, kututturen kara a bushe, ɓawon katantanwa ko'ina suna ƙaras ƙaras ƙarƙashin takalmi, ga wani mashhuf a kife a kan busasshiyar ƙasa kwaltarsa ta ɓare, ga wani tudu da ake gane tsibirin gida ne a da amma babu kowa. Duka-duka tsakanin nan da inda aka rera mana waƙa ba wata tafiya ba ce.

A bakin wurin akwai gida ɗaya da bai tashi ba, mai gidan na da ɓauna kaɗan, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne tankin roba da ke ƙofar gidansa. Mutum yana zaune a tsakiyar fadama amma sayen ruwa yake yi ana kawo masa a jirgi, ba don iyalinsa kaɗai ba har da dabbobin, don in ɓauna ta sha wannan zartsin nono yake raguwa, ta rame, mai ciki ta yi ɓari. Ita ɓauna kuma ba saniya ba ce, dole ta kwanta cikin ruwa ta huce in rana ta take, kuma ɗanyen tohon kara take ci, in babu sai an sayi dusa, in kuɗin dusa ya ƙare sai a sayar da ɗaya don a ciyar da saura, haka haka har garken ya ƙare mutum ya kwashe iyali ya koma gefen birni. Mai gidan ya ce maƙwabtansa ta haka suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ba soja ba bindiga.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Fadamar nan da ambaliyar bazara take rayuwa, ƙanƙarar duwatsun Turkiyya da Iran ta narke, koguna su cika su tumbatsa, ruwa mai daɗi ya shigo da ƙarfi ya wanke gishirin da ya taru ya tura shi teku ya bar sabuwar laka. Yanzu madatsun ruwa sun kashe wannan ambaliyar, ga dam ɗin Ataturk a kan Furat, ga na Ilisu a kan Dijla da aka fara tara wa ruwa a 2019, ga na Karkha a Iran tun 2001, ban da na Siriya da na cikin Irakin kanta. Abin da ke isowa ɗan kaɗan ne, ya shigo ya kwanta ba mafita, zafin bazara kuma a kudancin Iraki yana haura digiri 50, ruwa ya tashi sama gishiri ya zauna. Shi ya sa fasa jinga ya dawo da ruwa amma bai dawo da fadamar da kakanninsu suka sani ba. Shekarar da aka yi ruwan sama sosai irin 2019 sai ko'ina ya cika kowa ya yi murna, fari na 2021 zuwa 2023 ya zo ya kwashe. Kuma Ammi bai ɗora wa Turkiyya laifin duka ba, ya ce kafin ruwa ya iso gare su sai ya bi ta gonakin da har yau ake yi wa ban ruwa ta hanyar malala shi a fili, da tafkunan kiwon kifi na masu hannu da shuni, da kamfanonin mai da ke jan ruwa suna ɗura wa rijiyoyinsu, su ne na ƙarshen layi, abin da ya rage ake ba su, wani lokacin ma har da ƙazantar magudanan gari a ciki. A ra'ayina duk wanda zai ce maka an farfaɗo da fadama kada ka tambaye shi faɗin ruwa a taswira, tambaye shi ɓauna nawa suka sha daga ciki suka kwana lafiya, kuma gida nawa ne ba su tashi ba.

To mu koma kan abinci tunda shi ma an biya. A mudif aka sauke mu, wato babban zauren baƙi na kara, kuma shi kaɗai ma ya isa a zo dominsa. Ba ƙusa ba katako ba ƙarfe, damin kara ne masu kauri kamar gangar jikin mutum aka kafa layi biyu aka lanƙwaso kawunansu aka ɗaure suka zama baka, aka rufe da tabarmi, ƙasan bangon kuma saƙa ce mai huda-huda iska na shigowa. Adadin bakan kullum mara ne ba cika ba, ƙofa tana kallon alƙibla. Waje rana na dukan kai amma ciki sanyi da ƙamshin busasshen kara. Irin wannan ginin ne aka samu a sassaƙe jikin kayan tarihin Uruk na shekara wajen 5,000, siffar ba ta canza ba. Mai zauren ya ce duk bayan 'yan shekaru sai an sabunta shi, kuma yanzu dogon karan da ya isa yin baka sai an yi nisa ake samu, masu iya ɗaurin ma tsofaffi ne. Shi kansa Ammi ya ce 'ya'yansa a gudun hijira aka haife su, da suka dawo sai da ya koya musu tsayuwa a mashhuf kamar baƙi, matan da suka girma a birni kuma da yawa ba su iya tatsar ɓauna ko saƙar tabarma ba.

Gahawa aka fara kawowa, ɗaci kamar me, ɗan kurɓi a ƙaramin kofi, in ka ƙoshi ka girgiza kofin in ba haka ba za a yi ta zuba maka. Sai masguf, kifin da ake tsagawa ta baya a buɗe shi a kafa a gefen wuta ya gasu a hankali, da gurasar garin shinkafa da aka gasa nan take, da albasa da tumatir da shayi mai sukari har ƙasa. Daɗi kam ba magana. Sai dai kamfanin sun tallata mana shi a matsayin kifin fadama, da na tambayi mai gasawa ya ce a'a na tafkin kiwo ne daga kasuwa, kifayen bunni da gattan da aka san fadamar da su sun yi wuya sun yi tsada, abin da ya cika raga yanzu ƙananan karfasa ne da ba 'yan asalin ruwan ba. Ban ji haushin kifin ba, haushin ƙaryar na ji, da sun faɗi gaskiya ai ita ma cikin labarin take. Abin da ya fi komai shi ne gemar, kakkauran saman madarar ɓauna da mata ke dafawa su bar shi ya kwana, a ci da gurasa mai zafi da ruwan dabino, wannan kam in ka samu kada ka yi kawaici. Akwai kuma wani alawa rawaya da ake yi da garin furen ciyawar ruwa, kirrit, yara ke sayarwa, ɗanɗanonsa sama-sama ne amma ka saya.

Sauran ƙorafi, leda da robar ruwa sun yi yawa a mashiga da kuma duk inda jirage ke tsayawa, kuma baƙi ne ke zubarwa ba mutanen wurin ba. Ƙarar inji tana korar tsuntsaye tun kafin ka ɗaga waya, mai son ganin irin ɗan tsuntsun karan nan na Basra da ake zuwa nema daga nesa sai ya roƙi a kashe inji a tura da gora, su ba za su yi da kansu ba don sauri suke su koma su ɗauki wasu. Ranar Juma'a da ranakun hutu wurin cika yake da 'yan shaƙatawa da lasifika, ka kauce musu. Banɗaki abin tausayi ne, mai tafiya da mata ya san da wannan tun daga gida. Sannan da na ɗan bincika abin da ke isa hannun mai jirgi cikin kuɗin da na ba kamfani sai na ga bai taka kara ya karya ba, don haka in kana da ɗan Larabci ka je mashigar da kanka ku yi ciniki da mai jirgi kai tsaye, ku daidaita awa nawa da inda za a je kafin ka sa ƙafa, kuma ka riƙe dinari a hannu don ba maganar kati a can. Larabcin makaranta yana aiki, za su gane ka sarai, kai ne dai za ka sha wuya kafin ka gane nasu.

Mai jirgi da masu mudif taurari biyar ba ragi. Kamfani uku, saboda rigar ruwa da maganar kifi da kuma jan ƙafar da suka yi kan kai ni busasshen gefen. Lokacin zuwa daga Nuwamba zuwa Maris ne, sanyi-sanyi ga tsuntsayen da ke zuwa cin rani daga arewa, ka shiga da sassafe ko gab da magariba. Ana iya kwana a gidan kara in ka shirya wa sauro, kuma in ta Nasiriyya za ka fita ka haɗa da Ur, garin da ake dangantawa da Annabi Ibrahim, yana nan kusa da birnin. Kafin ka kama hanya dai ka sa a kira wani mai jirgi a tambaye shi yadda ruwa yake a wannan makon, don akwai lokacin da jirgi mai inji ba ya iya wuce bakin gari.